Ranar da Sagiru Ya Miƙe a Masallaci

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, saurayi, ana ce masa Sagiru. Ga ƙwaƙwalwa, ga kunya. Tun yana ƙarami burinsa ɗaya ne, ya shiga wata babbar jami'a ya karanta likitanci, jami'ar da dubbai ke nema ana ɗaukar 'yan kaɗan. Da sakamakon jarrabawarsa ya fito, duk garin ba wanda ya kamo shi. Shi ke nan, aka daina kiran sunansa, sai Likita. Mahaifinsa Malam Haladu kuwa, babu majalisar da bai kai labarin ba.

To, ku saurara. Jami'a ta gama ɗaukar ɗalibai, ba a ɗauki Sagiru ba. Ba faɗuwa ya yi ba, gurbi ne ya cika.

Yaro ya shige ɗaki. Ko sallama aka yi ba ya fitowa. Ya kasa haɗa ido da mahaifinsa. Sai kawunsa da ke birni ya kawo shawara, ya ce a yi shiru, yaro ya zo ya zauna wurinsa, a ce makaranta ya tafi, baɗi ya sake nema. Wa zai sani? Uban ya amince. Sagiru ya haɗa kaya.

Ana gobe tafiya, bayan sallar la'asar, liman ya juyo ya ce ɗanmu zai tafi jami'a, a yi masa addu'a. Jama'a suka ɗaga hannu. Sagiru ya duba, ya ga tsofaffi da furfurarsu suna roƙon Allah a kan ƙarya, shi kuma yana cewa amin. Ya miƙe ya ce:

"Allah gafarta Malam, a yi haƙuri. Ba a ɗauke ni ba. Wurin kawuna zan je in ɓuya."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Malam Haladu ya sunkuyar da kai ya fice. Liman ya ce kada kowa ya sauke hannu, a roƙa masa abin da ya fi alheri.

Kada ku zaci washegari aka kira shi daga jami'ar. Ba a kira shi ba. Ya sake nema, bai samu ba. Ya sha zolaya, in ya gifta samari su ce, Likita ina asibitin? Daga baya ya shiga wata ƙaramar makarantar koyon jinya, ya yi aikinsa da amana.

Uban kuwa ya daɗe ba ya yi masa magana. Wata rana ya kira shi zaure, shi uban ya kasa ɗago kai.

"Sagiru, ranar nan ni ya kamata in miƙe, ba kai ba. Ka yafe mini."

'Yan'uwa, rashin samu ba abin kunya ba ne, ƙarya ce abin kunya. Mu iyaye mu muke ɗora wa yaro suna tun Allah bai ba shi ba, in bai samu ba kuma mu bar shi da nauyin. Cikinku akwai wanda ɗansa ke ƙunshe a ɗaki yau saboda irin wannan. In kun koma gida, ku shiga ku zauna kusa da shi, ku ce masa ya yi ƙoƙari, ku fito da shi cikin mutane. Allah ya sa mu dace.