Kurege da Kumatu Biyu

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kurege ne yake yawo yana cika baki, wai shi tun da aka haife shi bai taɓa zama gaban likitan haƙori ba, kuma ba zai zauna ba. Wai da haƙoransa yake fasa ƙwallon goriba kamar mai cin ƙosai.

Alhali kwanansa uku bai tauna komai ba. Alewa ta yi masa rami a turmin haƙori, kuncinsa na dama ya kumbura suntum. Ruwan sanyi ma sai ya rufe ido yake sha.

Ran kasuwa yunwa ta kai shi rumfar Gafiya mai soyayyar gyaɗa. Ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, tana waigawa ya cika kuncin hagu da gyaɗa. Taunawa ba ta yiwuwa, amma kwaɗayi bai san haka ba.

Gafiya ta dubi mudunta, ta dubi fuskarsa, ta cafke wutsiyarsa. Jama'a suka taru.

Kurege ya dafe kumatu, ya ce ta cikin hanci, "Haba Yaya, ciwon haƙori ne fa."

"Kai mai fasa goriba?"

"Ni ɗin."

"Har gefe biyu?"

"Yaɗuwa yake yi."

Gafiya ta ce to ai abin tausayi ne, ga shagon likita Zalɓe can, ita da kanta za ta raka shi. Ta ja shi, jama'a suka bi.

Zalɓe ya zaunar da shi, ya ce ya buɗe baki ya ce aaa. Kurege ya ce mmm. Zalɓe ya sake cewa aaa. Kurege ya ce mmm. Sai Zalɓe ya zura dogon bakinsa ta gefen dama, ya lalubo ruɓaɓɓen haƙorin, ya fizge shi cak.

Kurege ya kurma ihu. Gyaɗa ta yi feshi har kan hular Kunkuru da ke cikin 'yan kallo.

Zalɓe ya ce, "Na dama na warkar da shi, gobe za ka ci tuwo. Na hagu kuwa, ga mai maganinsa nan riƙe da wutsiyarka."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Kurege ya lasa gurbin haƙorin, ya ji zogin ya tafi, har ya manta da kunya ya taya su dariyar.

Ƙurunƙus kan mudun gyaɗa. Duk mai niyyar sata da baki, ya fara zuwa a duba masa haƙora.