Ranar da Mayya Ta Tsallake Sarki

An ce wani sarki ne da tsufan birninsa ya fara ba shi kunya, ya aika a kira masa Magajiya Goshi ranar wata Laraba da hantsi. Goshi ita ce shugabar mayun garin, sarautar da ta gada daga uwarta, uwar kuma daga tata uwar. Ta ɗaura zanenta na saƙi, ta nufi fada ba gaggawa, don a ganinta sarauta ce ta kira sarauta.

Ta tarar da sarki a zaune, waziri a damansa, a hagunsa kuma wasu baƙi cikin kwat da baƙin tabarau. An sassake labulaye, saboda baƙin ba sa shiri da rana. Waziri ya yi bayani cewa sarki ya shimfiɗa kwalta, ya ja wutar lantarki, abin kunyar da ya rage a birnin shi ne maita irin ta dā. Tun da kowane gari sai da mai cinsa, gara a ba 'yan zamani aikin. Waɗannan baƙi mashaya jini ne masu ilimi, da allura suke zuƙa, su goge wurin da auduga, har su ce wa mutum sannu. Saboda haka Goshi da mutanenta su bar gari kafin Juma'a.

Goshi ta tuna da kaburburan iyayenta a bayan ganuwa, amma ba ta durƙusa roƙo ba. Ta gyara zama.

Sarki ya ce, "Magajiya, ke da su duk jama'ata kuke ci. Ina bambancin?"

"Ya sarki, wanda na ci, na san sunan kakarsa."

"Wannan ai ya fi muni."

"Ya fi muni, ranka ya daɗe. Shi ya sa ba na yawaitawa."

Sarki ya tambaye ta abin da ke hana ta wuce iyaka. Ta ce ƙofar gidanta ce, don kowa a garin ya san ta, in yaro ya kwanta ciwo dangi ba sa neman kwatance. Shugaban baƙin ya yi murmushi, ya ce su ma suna da ofis a ƙasashe da yawa, mai ƙorafi yana iya kaiwa duk wanda ya ga dama.

Sai Goshi ta nemi a gwada su, ita da baƙin, a jikin sarki kansa: kowa ya ɗauka, kowa ya maido. Waziri ya zabura, amma sarki, da yake ba ya son a ce ya ji tsoron tsohuwa, ya yarda.

Shugaban baƙin ya fara. Ya naɗe hannun rigar sarki cikin ladabi, ya cika kwalba da jininsa, ya shanye, ya goge baki da farin hankici. Fadawa suka yaba da tsabtar aikin. Ita kuwa Goshi ko motsi ba ta yi ba. Ta dubi sarki kawai, ta lashi leɓe, sai ga kurwarsa ta zo tafin hannunta kamar ɗan tsako, ta ƙulle ta a bakin zani. Nan take sarki ya yi laushi, rawaninsa ya karkace.

Waziri ya ce ta maido maza. Ta ce za ta maido, amma maita tana da ƙa'ida wadda ba a sauya ta don kowa ba: wanda aka kama sai ya kwanta a ƙasa mayya ta tsallake shi. Sarki ya dubi ƙasa, ya dubi ƙullin zanen, ya sauko daga karaga ya kwanta. Goshi ta tattare zane ta tsallake shi, ta kwance ƙullin. Sarki ya yi atishawa, ya miƙe garau.

Ya juya ga shugaban baƙin, ya miƙa masa hannu don ya maido jinin. Baƙon ya ce yana baƙin ciki ƙwarai, amma a tsarin aikinsu abin da ya shiga ba ya fitowa. Ya buɗe jaka ya ba sarki kwalbar lemo da biskit, ya ce a sha a huta, jiki zai yi wani jinin.

Sarki ya daɗe yana kallon lemon, ƙura na bayan rigarsa bai karkaɗe ba.

Ya ce, "Waziri, mai cutar da za a iya sa shi ya maido, shari'ata tana iko da shi. Wanda ba ya maidowa ya fi ƙarfin adalcina, ba kuwa zan ajiye abin da ya fi ƙarfin adalcina a gari ba."

Goshi ta yi sallama. A bakin ƙofa ta juyo ta ce tun da ana maganar zamani, wutar lantarkin nan har yau ba ta kai unguwarsu ba.

Ranar Juma'a baƙin suka fita daga birnin a ƙarƙashin lema. Mayu suka zauna a gidajensu, aka kuma kafa turakun wuta har ƙofar Goshi.