Makyarkyatar Barmo

Dalilin da ya sa namijin ƙadangaren ruwa ba ya miƙa wa matarsa irin haihuwa hannu da hannu, ku matso ku ji shi, yara. Kai mai washe baki, yanzu dariyar za ta ɗauke.

A da can, namiji na ɗauke da irinsa a 'yar jaka ƙarƙashin ciki, ƙwayoyi dunƙulallu kamar gero. Damina na sauka sai ya rungumi matarsa a saman ruwa ya ba ta. Kwatsam zalɓe ya gano tafkin. Mai runguma kuwa ba ya iya gudu, caraf sai a haɗiye miji da mata tare. Haka aka cinye maza, saura Barmo, matsoracin da ko ganye ya faɗo sai ya nutse.

Matarsa Tabawa ta same shi a ƙarƙashin dutse.

"Maigida, ruwa ya fara ja da baya. In ba ka ba ni irin nan ba, daga kanmu zuri'a ta ƙare."

"Tabawa, kin ga abubuwan can biyu a tsaye? Wallahi ba kara ba ne, ƙafafu ne."

"Na gani. Ni ma tsoron nake ji. Fito dai."

Yana fitowa inuwa ta rufe su. Dogon baki ya tsaya cak a kansu. Barmo ya sandare, wutsiyarsa kaɗai ke kyarma. Ya san in ya taɓa Tabawa, tare za a ɗauke su. Sai ya saki irin a ƙunshe kan yashi, ya rarrafa gaba, idon zalɓe na binsa. Tabawa ta bi motsin wutsiyar har ta zo kan ƙunshin.

Ashe tsoron uban ya shige ƙwayoyin. Nan take suka miƙe, kowace ta fid da doguwar wutsiya siririya mai kaɗawa, suka ruga cikin uwarsu suka ɓuya.

Sai bakin ya sauko, caraf ya ɗauke Barmo. Tabawa ta koma ƙarƙashin dutse ita kaɗai, da 'ya'ya a jikinta.

Shi ya sa har yau namijin ke ajiye ƙunshinsa a ƙasan tafki ya yi gaba, irinsa kuma da wutsiya yake fitowa, a guje. In kun gan shi yana kaɗa wa mace wutsiya, kada ku ce rawa yake yi. Makyarkyatar Barmo ce, ba ta bar jikinsu ba.