Kujerar Ango a Wajen Zaman Makoki

Akwai wani mutum a unguwarmu a garin Tanta, sunansa Alhaji Sabri, mai ba da hayar rumfa da kujeru. Biki ko mutuwa, duk wajensa ake zuwa.

Da ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya sa aka haɗa masa na'ura mai amsa saƙon mutane a waya. Mai haɗawar ya tambaye shi ko ta riƙa fara tambayar mutum abin da ya kawo shi.

"Ba na son dogon surutu," in ji Alhaji. "A biki riba take. Duk wanda ya zo ta yi masa murna, ta tallata masa fitilu."

Ranar wata Talata, Baba Shehata mai gyaran keke ya rasu. Ɗansa Gabir yana cikin motar da ta ɗauki gawa ya tura saƙo: rumfa da kujeru, yau bayan magariba, na mahaifina Shehata ne.

Na'ura ta amsa: "Barka da arziki! Allah ya ba ango Shehata zaman lafiya. A haɗa da fitilu da kujerar ango?"

A daidai lokacin aka iso maƙabarta. Gabir bai karanta ba, ya danna "eh", ya sa kafaɗa ƙarƙashin makara.

Da suka dawo, layin ya sha fitilu ja da kore. A tsakiya ga wata ƙatuwar kujera mai ruwan zinare, an rubuta sunan mamacin a samanta. Umma Fawziyya, matar marigayin, ta leƙo ta taga, ta gani, ta ja labule.

Gabir ya wuce shagon Alhaji da ƙasar kabari a takalminsa.

"Alhaji, ka sa a sauke kayan nan, ka zo gidanmu ka hau sama ka ba uwata haƙuri."

Alhaji ya juyo masa da fuskar waya. "Karanta. Wa ya danna eh? Na'urata ba ta kuskure, ɗan nan. Da ka ce mata mutuwa aka yi."

"Ta tambaye ni? Kai da bakinka, in mutum ya shigo yana neman kujeru, ba 'lafiya dai?' kake fara cewa ba?"

"Wannan da ne. Yarana sun tafi wani aikin, sai gobe. Ku kashe fitilun ku zauna haka."

"To bar su a kunne," in ji Gabir.

Ya dawo ya hana kowa taɓa komai. Mai gidan shayin bakin layi ya kwashe kujerunsa kaf ya kawo. Mata suka riƙa sauko da na ɗakunansu ta matakala, har da wata mai ƙafa uku da aka tokare da bulo. A ɗaya ɓangaren layin aka jera su, ba rumfa, ba ado. Mai karatun Alƙur'ani ya fara, aka zagaya da gahawa marar sukari.

Duk mai zuwa ta'aziyya sai ya ratsa ta rumfar Alhaji Sabri, wayam, fitilu na walƙiya, sunan shagonsa ɓaro-ɓaro a bayan kowace kujera. Wani dattijo ya tsaya ya ƙare wa kujerar angon kallo.

"Shehata da ko a aurensa na gaske a kan akwati ya zauna," ya ce, ya girgiza kai ya wuce.

Kafin a tashi daga makoki, masu biki sun fara janye aikinsu daga shagon Alhaji. Sai ga shi ya hau matakalar gidan yana haki, ya tsaya bakin ƙofa.

"Hajiya, a yi haƙuri. Na sa an gyara na'urar. Yanzu sai ta tambaya kafin ta ce komai."

Umma Fawziyya ba ta buɗe ƙofar duka ba.

"Ita ba ta san Shehata ba, Alhaji. Kai ka san shi. Na yafe don Allah, amma kujerarka ba za ta sake shigowa layin nan ba, ko a ranar tawa mutuwar."

Darasi: Na'ura abin da ka ɗora ta a kai take faɗa, don haka kada ka fake a bayanta in ta ɓata wa mutane. Kujera ɗaya ake zama a kai ranar dariya da ranar kuka. Ka tambayi abin da ya kawo mutum kafin ka buɗe baki, kuma ka koya wa na'urarka hakan. Ku tura wa duk wanda ya bar waya tana magana da sunansa.