Ranar Da Baba Direba Ya Nemi Ƙarin Kabeji

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Direba, saboda shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota. Mutum ne mai barkwanci, mai son abinci ya ji mai har yana ƙyalli.

Wata rana jininsa ya hau, ya kwana huɗu a asibiti. Da za a sallame shi likita ya ce, "Baba, maiƙo da soye-soye sai haƙuri. In ka koma musu, za ka dawo mana."

Babbar 'yarsa, wadda ƙannenta ke kira Yaya, ta karɓe girkinsa. Ita ce gwanar gidan, kuma ba ta ɓoye hakan. Amma ba ta taɓa girki babu mai ba. Duk abin da ta kawo, Baba ya ɗanɗana ya ture.

"Wannan abinci ne ko hukunci?" in ji shi.

Kwana uku yana haka, ga magani ba ya shayuwa da yunwa. Har ya fara ramewa.

Sai matar ƙaramin ɗansa, wata tela mai shiru-shiru da har yanzu ake ce wa Amarya, ta ce, "Yaya, ko in gwada masa salak ɗin kabeji da jatan lande?"

Yaya ta sheƙe da dariya. "Ni na kasa, sai ke? Baba zai ci ɗanyen ganye? Ki tsaya a kan kekenki, ƙanwata."

Maganar ta yi wa Amarya zafi, amma ta yi murmushi ta shige kicin.

Ta yanka kabeji siriri kamar zare, ta goga karas, ta yayyanka lawashi. Ta tafasa jatan lande minti uku kacal don kada ya yi tauri. Ta turara tsokar kifi, ta cire ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Maimakon mayonis, ta dama yogot marar sukari da ruwan lemun tsami, masoro da ɗan gishiri kaɗan. Ta juya, ta sa a firji ya yi sanyi.

Da ta ajiye a gabansa, Baba ya leƙa kwanon. "'Yata, kin mayar da ni zomo?"

"Cokali ɗaya kawai, Baba. In bai yi ba, ni zan cinye."

Ya kai ɗaya. Ya kai na biyu. Kafin Yaya ta gama taɓe baki, cokali na kankarar ƙasan kwano.

"Akwai saura?"

Falon ya kaure da dariya. Ranar ya sha maganinsa ba gardama.

Washegari da hantsi sai ga Yaya a ƙofar kicin da kabeji biyu a hannu, tana sosa ƙeya.

"Amarya, na yi miki rashin kyautawa jiya. Ki koya min."

"Haba Yaya, ya wuce," in ji Amarya, ta miƙa mata wuƙa. "Amma fa siriri za ki yanka."

Daga falo Baba ya ɗaga murya: "Ku rage hira, ku ƙara jatan lande!"

Darasi: Iyawarka ba ta hana wani ya san abin da ba ka sani ba. Kada ka raina mai shiru, kuma in an raina ka, ka bar aikinka ya ba da amsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jinyar iyaye.