Sunan da Iya Hasana Ba Ta Faɗa Ba

Dakta Munzali ɗan Kibiya ne, mai ilimi, amma gaggawa ta yi masa katutu. Ko shayi ba ya bari ya huce. Bincikensa a kan wata cuta ne, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta lalata wasu 'yan tsokoki da ke saman ƙoda. Sai mutum ya rame, fatarsa ta ƙara duhu, ya dinga kwaɗayin gishiri, zazzaɓi kaɗan ya kai shi lahira. Yana zargin akwai gado a ciki, don haka duk wanda ya samu da cutar sai ya gwada jinin 'yan uwansa. Wanda aka gano da wuri, ƙwayar magani ce ke riƙe shi.

Da aka tabbatar Amiru, wani tela a Rano, yana da ita, Munzali ya dira gidansu, ko mota bai kashe ba. Ya ce wa mahaifiyar Amiru, Iya Hasana, ta lissafa masa 'ya'yanta. Ta ambaci huɗu, ta yi shiru tana murza gefen mayafi. Maigidanta, Malam Gajere, ya gyara murya zai yi magana, amma Dakta ya riga ya rufe littafi yana duba agogo. Ya ɗebi jinin huɗun, ya kama hanyar Kano.

Ashe akwai Bushra, 'yar fari, wadda goggonta ta ɗauka riƙo a ƙauyen Lausu tun yaye. Kunyar ɗan fari ce ta hana Iya kama sunanta.

Bayan wata biyar zazzaɓi da amai suka kwantar da Bushra. Da ma ta daɗe tana lasar gishiri, ana yi mata tsiya. Kafin babur ya kai ta asibiti, rai ya yi halinsa. Abin da ke ƙona min rai, ɗigon jini kawai ya rage a ɗauka.

Munzali ya je ta'aziyya, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya tambayi goggon me ya sa aka ɓoye masa.

"Ba wanda ya ɓoye maka," ta ce. "Kai fa ɗan Kibiya ne. Ka taɓa jin mahaifiyarka ta kira sunan yayanka?"

Bai taɓa ji ba. Ya sunkuyar da kai, hawaye ya zubo masa.

Darasi a nan shi ne, ilimi ba ya amfani sai da haƙuri. Wanda ya zo tambaya ya zauna har a gama ba shi amsa, ya kuma kula da shirun mutane, domin wani shirun rai ne a cikinsa. Gaggawa aikin shaiɗan ce.