Tanimu da Baƙin Kangonsa

An yi wani bawan Allah a wani gari, da daɗewa, sunansa Tanimu. Kada ku tambaye ni sunan garin, ku dai ba ni hankalinku. Gyaran keke yake yi a bakin kasuwa, faci da ɗaurin sarƙa da miƙe ƙafa. Mutum ne mai kunya, irin kunyar da ko kai ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka cewa yi haƙuri.

Yana da ɗan fili a bayan gari, gadon mahaifinsa. Shekara da shekaru yana gina shi, yau tubali kaɗan, gobe kaɗan, har ya tsayar da ɗaki biyu da zaure, saura rufi. Shi da matarsa Hansatu da 'ya'yansu kuwa suna cunkushe a ɗakin haya, wanda in aka yi ruwa sai an jera kwanuka a tari yoyo.

To, wata damina kogi ya yi ambaliya, ya share wasu ƙauyuka. Mutanen suka shigo gari ba su da komai sai abin da suka ɗauko a ka. Cikinsu akwai wani masunci, Jatau, da matarsa Lantana da 'yan matansu ƙanana. Suka ga kangon Tanimu ba kowa, suka shiga, suka kafa zana suka raɓe. Ran da Tanimu ya zo duba gininsa ya ga hayaƙi na tashi, ya ga an share wurin an cire ciyawa. Jatau ya fito ya rusuna ya gaishe shi. Tanimu ya amsa, ya juya kekensa ya tafi. Bai ce su zauna ba, bai ce su tashi ba.

Aka kwana aka tashi, Allah ya hore masa kwano da katako. Hansatu ta ce, “Malam, wata daminar ta matso. Yaushe za ka yi wa mutanen nan magana?”

Ya ce, “Gobe in Allah ya so.”

Gobe ta yi, ya je har bakin zaure, suka gaisa da Jatau, aka tambayi iyali, ya dawo. Ya koma, ya sake dawowa. In ya buɗe baki sai ya hango yaran suna wasa a ƙasa, ya fasa maganar.

Ku saurara, jama'a, nan ne Shaiɗan ya sami ƙofa. Wani maƙwabcinsa, Mudi, ya ce masa, “Kai da wurinka kana wahalar da kanka? Doka tana bayanka. Ka je wurin 'yan sanda su fitar maka da su, ba sai kun haɗa ido ba.”

Ba sai kun haɗa ido ba. Wannan kalmar ce ta yi wa Tanimu daɗi. Ya je ofishin 'yan sanda ya kai ƙara, wani kofur ya tambaye shi, “Su wane ne a ciki?”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, wasu ne da ba su da wurin kwana.”

Kofur ya ce, “'Yan zaman banza ke nan. Mun san irinsu.”

Tanimu ya san ba haka ba ne. Ya sani sarai. Amma ya ji nauyin gyara wa mai kaki magana, sai kawai ya ce, “Don Allah a bi su a hankali.”

Washegari da hantsi motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar kangon. Tanimu bai iya zuwa kusa ba, ya laɓe a bayan wata katanga yana leƙe. Suka shiga suna daka tsawa, suka watso tukwane da tabarmi waje, yara suna kuka. Jatau yana ta cewa, “Yallaɓai, mai wurin bai ce mana komai ba. Ku bari mu kwashe da kanmu.” Ba wanda ya saurare shi. Sai ya juya ya koma ciki don ya ɗauko filafilin kwalekwalensa, wato sandar tuƙi, wanda shi kaɗai ruwa ya bar masa daga sana'arsa. Ya fito da shi a hannu. Wani daga cikinsu ya yi ihu, “Ajiye!” Kafin mutumin ya gane da shi ake, bindiga ta tashi.

Jatau ya faɗi a bakin zaure. Ko shurawa bai yi sosai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tanimu yana kallo. Yana kallo kuma aka janye filafilin, aka ɗauko adda daga mota aka ajiye kusa da hannun mamacin. Ya zauna a ƙasa a bayan katangar nan, yana jin kururuwar Lantana, ya kasa fitowa.

Ranar bai ci abinci ba. Aka kira salla, ya tsaya a sahun ƙarshe, kansa a sunkuye, gani yake kowa ya san abin da ya aikata. Alhali mutane jaje suke yi masa! Suna cewa, “Sannu Malam Tanimu, ashe ɓarayi ne suka mamaye maka gida.” Kowace sannu kamar an watsa masa ruwan zafi.

Ba a jima ba sufeto ya aiko a kira shi. Ya ba shi kujera, ya yi masa magana da taushi. Ya ce, “Malam Tanimu, za a zauna gaban alƙali kan wannan abu. Kai ka kawo ƙara, kai ne shaida. Ka ce sun hana ka gidanka, ka ce mutumin ya taɓa zare maka adda. Shi ke nan, ka je ka rufa gininka. In kuwa ka faɗi wani abu dabam, to kai ne ka kawo ƙarar ƙarya har aka rasa rai. Ka gane?”

Ya ce, “Na gane, ranka ya daɗe.”

Ya dawo gida ya gaya wa Hansatu. Ta fashe da kuka, ta ce, “Malam, wanda ya mutu ya riga ya mutu. In suka rufe ka, wa zai riƙe mu?”

Ya dube ta. Can ya ce, “Hansatu, na yi shiru a gaban Jatau, na yi shiru a gaban kofur, na yi shiru a bayan katanga. Shirun nan nawa shi ya kashe mutum. Yanzu kuma in bi shi kabari in laƙaba masa sata? 'Ya'yansa su tashi ana ce musu 'ya'yan ɓarawo?”

Ranar zama ta zo. Aka kira shi, ya miƙe. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba, sai da alƙali ya ce ya ƙara sauti. Tanimu ya ce, “Allah ya gafarta malam, wurina ne, gaskiya ne. Amma ban taɓa ce musu su tashi ba, ko sau ɗaya. Bai taɓa zare mini komai ba, gaisuwa ce kawai tsakanina da shi. Abin da ke hannunsa sandar tuƙin jirgi ce. Addar kuwa a kan idona aka ajiye ta. Ni na kira su, don na ji kunyar yi masa magana da bakina.”



Kada ku zaci an tafa masa. An tsare shi kwana da kwanaki, ya fito da ɗingishi. Masu kawo masa gyara suka ja baya don tsoron abin da zai biyo. Mudi ya daina amsa sallamarsa. Wanda ya yi harbin an tuɓe masa kaki, iyakar abin da aka yi ke nan, ban ce muku an yi cikakken adalci ba. Amma an faɗa a bainar jama'a cewa Jatau ba ɓarawo ba ne.

Da ya sami sauƙi, ya nemi Lantana. Ya same ta da yaranta a wata rumfar kasuwa da ba kowa. Ya yi sallama, ya durƙusa nesa da ita, ya ce, “Baiwar Allah, ni ne mai kangon.”

Ta ce, “Na san ka.”

Ya ce, “Na zo neman gafara.”

Ta dube shi ta ce, “Malam, me ya hana ka gaya mana? Kullum in ka zo ka tafi sai ya ce mini, ‘Lantana, mutumin nan yana son wurinsa, nauyinmu yake ji. Bari in sami inda za mu koma, in je in yi masa godiya.’ Har ya fara nema. Da ka buɗe baki, wallahi da a ranar za mu tashi.”

Tanimu ya kifa kansa a ƙasa yana kuka kamar yaro, mutanen kasuwa suna wucewa suna kallonsa.

Ya koma ya rufa ginin da hannunsa. Da ya gama, bai kai iyalinsa ba. Hansatu da kanta ta ce ba za ta iya tsallake bakin zauren nan kullum ba. Ya kira mai unguwa da liman suka shaida ya ba Lantana da marayunta gidan. Ta karɓa saboda yaran, ta ce, “Gida na karɓa. Yafiya kuwa ka ba ni lokaci.” Ya ce, “Kin yi gaskiya.” Ya ci gaba da zama a haya, yana facinsa, har Allah ya karɓi ransa. Ko ta yafe kafin nan, ni ban sani ba, Allah ne masani.

To jama'a, ku saurara da kyau. Gidan Tanimu nasa ne, ba wanda ya ce ba nasa ba ne. Addini ya kare dukiyarka, doka ta kare. Amma tubali ba ya kai rai, kwano ba ya kai rai, fili komai faɗinsa ba ya kai ran mutum ɗaya, ko da mutumin nan ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa. Kuma kunyar da za ta hana ka yi wa ɗan'uwanka magana, ta sa ka aika masa bindiga, wannan ba kunya ba ce, gudun nauyi ne. Kunya ta gaskiya ita ce wadda ta tsayar da Tanimu gaban alƙali ya tona kansa.

Kai mai kaki da ke cikinmu, bindigar nan amana ce, mara gida ma yana da Ubangiji. Kai mai kango, kai mai shago, kai da wani ke kwana a barandarka: kafin ka kira kowa, taka da ƙafarka ka je. Ka yi sallama, ka tambayi sunansa, ka faɗa masa buƙatarka ido da ido, ka ba shi lokaci. In kuma ka riga ka yi kuskure, kada ka binne shi da ƙarya. Allah ya tsare hannuwanmu da harsunanmu daga jinin bayinsa, ya ba mu kunyar da za ta amfane mu ranar tsayuwa.